Giwaye sun cinye mana gona: wai Yankari tamu ce ko tasu?

Ɗan Bakin Daji:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Yau da ɓacin rai na shigo. Daren Talata giwaye suka fito daga dajin Yankari suka faɗa gonar mahaifinmu. Masara ce da dawa, masarar ta riga ta yi goyo, saura ƙiris a fara karya. Ƙannena sun yi ta buga garwa suna hura wuta tun ƙarfe ɗaya na dare, amma ko a jikinsu. Kafin kiran assalatu babu abin da ya rage sai kara a kwance da kashinsu tuli-tuli. Tsoho ya je da safe ya tsaya a bakin gonar, bai ce uffan ba, ya juya gida. Takin da aka zuba a gonar nan bashi ne. Karo na uku ke nan cikin shekara biyar. Mun kai kuka inda ake kaiwa, an rubuta sunayenmu a takarda, an ce mu je za a neme mu.

Abin da nake so masu ilimi su fahimtar da ni: an killace ƙaton daji saboda dabbobi, mu ko itacen girki muka shiga yi sai a kama mu, amma su suna da damar fitowa su cinye abincinmu na shekara. Me zai hana a yanki wani sashe na dajin a raba wa manoma, a rage giwayen, kowa ya huta?

Bakano Mai Shago:
Wa alaikumus salam. Innalillahi. Allah ya mayar da alheri, ka yi wa Baba jaje. Ni dai ina bayanka. Mutum ya fi dabba daraja, magana ta ƙare. Ana fama da tsadar abinci, a ce an bar wa birai da giwaye ƙasar da za ta ciyar da jiha guda?

Uwar Biyu:
Allah sarki. Sannunku da wannan rashi. Allah ya ba Baba haƙuri.

Tsohon Ma'aikacin Daji:
Ɗana, sannu. Na san wannan tsayuwar da mahaifinka ya yi a bakin gona, na sha ganin irinta lokacin ina aiki, kuma ba abin da ke kashe wa mutum jiki kamarta. Ba zan ce maka ka yi haƙuri kawai in wuce ba. Amma ka bar ni in faɗi abin da na sani, sannan ka yi mini hukunci.

Tun 1956 aka keɓe Yankari a matsayin gandun namun daji, aka buɗe wa masu yawon buɗe ido a watan Disamba na 1962. A 1991 gwamnatin tarayya ta karɓe shi ya shiga jerin gandayen ƙasa, a 2006 kuma aka mayar wa jihar Bauchi. Faɗinsa murabba'in kilomita 2,244 ne. A takarda yana da girma. A wurin giwa ba shi da wani girma. Giwa dabba ce mai tafiya, tana da hanyoyinta da ta gada kaka da kakanni, kuma ba ta mantuwa. Da rani garken yana taruwa a kwarin kogin Gaji da ya ratsa tsakiyar dajin, domin can ne ruwa da ɗanyen ganye suke. Shi ya sa masu zuwa kallo suka fi ganinsu daga wajen Fabrairu zuwa Afrilu. Da ruwa ya sauka, ko'ina akwai tafki, sai su bazu. A da in sun bazu daji suke tararwa a bayan iyaka. Yau gonaki ne har bakin layi. Ita ba ta san an canza ba, abin da ta sani shi ne hanyar nan tata ce, ga kuma masara a kai, wadda ta fi ɓawon itace daɗi.

To in ka yanki dajin ka raba, me ka yi? Ka matsar da gonaki kusa da su ne, ka kuma rage musu abinci a ciki. Wanda aka ba sabuwar gonar shi zai fara kuka baɗi.

Ɗan Bakin Daji:
Baba na gode, Allah ya ƙara girma. Amma tarihi ba zai biya bashin taki ba. Kuma ai na ce a rage su.

Tsohon Ma'aikacin Daji:
A rage me, ɗana? A ƙidayar da aka yi ta jirgin sama a 2006 an samu kusan 350. Bayan nan 'yan hauren giwa suka yi musu ɓarna mai yawa. Yanzu ƙiyasin da ake yi bai wuce 100 zuwa 150 ba. Kuma wannan ɗan garken yana cikin mafi girma da suka rage a duk Najeriya. An riga an rage su, ba da izinin kowa ba.

Malamar Kimiyya:
Bari in ƙara a kan maganar Baba, don a ga fuska biyun. Babbar giwa tana iya cin kilo 150 na ganye da ciyawa a yini, ta sha ruwa sama da lita 100. Ka lissafa garke na ashirin a gonar talaka, dare ɗaya ya ishe su. Ke nan ɗan'uwanmu bai yi ƙari a labarinsa ba. A ɗaya gefen kuma, wata 22 take ɗaukar ciki, ta haifi ɗa ɗaya, sai bayan shekara huɗu ko biyar ta sake. Ba akuya ba ce da za a yanka bana a samu ninkinta baɗi. In ka kashe manyan mata goma, ka kashe haihuwar shekaru masu yawa. Kuma an lura garken da aka harbe wa uwar garke ya fi zama fitinanne, don ita ce mai riƙe da su.

Ga kuma zaki. A duk ƙasar nan wuri biyu kaɗai aka tabbatar ya rage: Yankari da gandun Kainji. Gaba ɗayansu ba su kai 50 ba.

Bakano Mai Shago:
Malama da girmanki, amfanin zaki fa? Ana nomawa da shi ne ko ana tatsa? In sun ƙare ai sai mu yi hamdala.

Malamar Kimiyya:
Alhaji, kai da kake kiran ɗanka "zaki" in ya ci jarrabawa, kake kuma yi wa sarki kirari da "toron giwa"? Jikokinka su tambaye ka mene ne, ka nuna musu a waya, na ƙasar Kenya? Wasa nake, amma da gaske a ciki. Amfaninsa na zahiri shi ne yana rage yawan gwaggon biri da mugun dawa. Ka tambayi manoman bakin daji wa ya fi damunsu kullum, giwa da ke zuwa jefi-jefi ko biri da ke zuwa kowace safiya. Inda manyan masu farauta suka ƙare, birai kan yi yawa su addabi gonaki.

Ɗan Bakin Daji:
Wannan kam gaskiya ne, biri ya fi kowa naci. Amma biri yaro da gwafa zai kore shi. Giwa fa?

Jikan Arɗo:
Salama. Tun ɗazu nake karantawa, na ga ba wanda ya ambaci makiyayi, alhali in an tashi zagi mu ake fara kira. Ɗan'uwa manomi, Allah ya mayar maka. Amma ka sani, abin da giwa ta yi maka, shi noma ya yi mana. Burtalin da kakana ya bi da shanu yau duk gonaki ne. Mashaya an kewaye ta da lambu. Akwai dokar makiyaya tun 1965 a Jihar Arewa, an ware wurare da yawa, je ka duba nawa suka rage ba a nome ba ko ba a gina gidaje ba. In rani ya yi tsanani, shanu suna faɗuwa, ga ciyawa shar a cikin gandu kana hangowa, me za ka yi? Ka shiga a kama shanun, a kai ka kotu, ka sayar da sa biyu ka biya tara. Ka ƙi shiga su mutu. Ni ban ce daidai ba ne. Na ce a faɗa mana ina za mu.

Tsohon Ma'aikacin Daji:
Jikan Arɗo, ban musa maka maganar burtali ba, gaskiya ce tsagwaronta. Amma tunda mun zo faɗin gaskiya, a faɗe ta duka. Shiga da shanu cikin gandu ba cin ciyawa kaɗai ba ne. Na farko, ana sassare rassan kawo da maɗaci a ba shanu, itacen ya tsaya kamar an yi masa aski, wani ya mutu. Na biyu cuta. Waɗanda suka manyanta za su tuna ciwon bushiya na 1983, yadda ya share shanu a Arewa. Bai tsaya kan shanu ba, ya kashe ɓauna da mugun dawa a daji. Cuta ba ta san iyakar gandu ba, tana shiga tana fita. Na uku, wanda ya fi ci mini rai: guba. Zaki ya kama saniya ɗaya, sai a barbaɗa wa mushen maganin ƙwari. Zakin ya dawo ya ci ya mutu, kura ta ci ta mutu, ungulaye su sauka su mutu da yawa a wuri guda. Yaushe rabonku da ganin ungulu a mahauta? Da fa sai an kore su.

Jikan Arɗo:
Baba ban ce ba a yi ba. Ana yi, kuma manyanmu suna hanawa. Amma ungulu kam kar a ɗora mana duka, a je kasuwar 'yan magani a ga kawunansu a shanye. Wa ke saya?

Uwar Biyu:
Wallahi sai yanzu na lura. Muna yara a bayan gidanmu suke kwana kan kuka. 'Ya'yana ba su taɓa ganin ungulu ba.

Na Birnin Gwari:
Ku ba ni dama in sa baki, don mu mun ga ƙarshen abin da Alhaji Bakano yake roƙo. Muna da gandun Kamuku a nan. Da can akwai ma'aikata, akwai sintiri, ɗalibai suna zuwa daga makarantu, har giwaye suna ratsawa. Muna ganin ma'aikatan nan a matsayin masu takura mana, kamar yadda ɗan'uwa yake ganin nasu yanzu. Da abin ya yi sanyi, sintiri ya ragu, dajin bai zama gonaki ba. Ɓarayin shanu ne suka fara shiga, daga baya suka zama abin da kowa ya sani. Yau ba maganar giwa ta ci gona muke ba, maganar wa zai iya zuwa gonar muke, sai an biya kuɗin noma, an biya na girbi. Ku dubi Rugu a Katsina, ku dubi Kuyambana a Zamfara. Sambisa kanta da duniya ta san sunanta, asalinta gandun namun daji ce. Daji ba ya zama babu mai shi. In hukuma ta janye, wani zai gaje shi. Ni da za a dawo mana da giwaye a kwashe mana waɗannan, da hannu biyu zan karɓa.

Bakano Mai Shago:
To ai ka ƙara ƙarfafa maganata. A sare dazukan gaba ɗaya, ɓarawo ya rasa maɓoya.

Na Birnin Gwari:
Alhaji ai ana sarewar. Motocin gawayi nawa ke shiga Kano da Kaduna kullum? Kirya da marke sun kusa ƙarewa a wurare da yawa. Madobiya kuwa an yi ta lodinta zuwa Sin har sai da aka sa mata takunkumin ciniki na duniya. Ɓarayin sun ragu? Wasu ma da su ake cinikin, su ke karɓar haraji a kan kowace mota. Ba itace ke kawo ɓarawo ba, rashin hukuma ne.

Malamar Kimiyya:
Kuma Alhaji, ruwan da kake sha a Kano daga ina yake zuwa? Kogin Kano yana bi ta dajin Falgore kafin ya zuba a madatsar Tiga. Ka aske Falgore, ƙasa ta zaizaye ta cika dam da yashi, sai mu ga da me za a yi noman rani a Kura da Kadawa.

Bakano Mai Shago:
Malama kin kama ni ta wajen shinkafa. Na yi shiru a kan Falgore. Amma a kan giwa ina nan.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya. Ku bari in ba ku labarin namu, ko da abin ɗauka a ciki. Mu raƙuman dawa gare mu, a yankin Kure, kamar kilomita 60 daga Yamai. Irin nasu babu shi ko'ina a duniya sai nan, su ne na ƙarshe a Afirka ta Yamma. A 1996 guda 49 suka rage. Kuma ba cikin wani gandu mai shinge suke ba, cikin gonakin mutane suke yawo, suna cin ganyen gawo, suna kuma cin waken mutane da mangwaro, har rumbu suna leƙawa. Manoman can sun yi kuka irin naka, ɗan'uwa. Abin da aka yi, gwamnati ta tsananta hukunci a kan kashe su, ƙungiyoyi kuma suka shigo da rijiyoyi da ƙananan basussuka ga mata, samarin garuruwan suka zama 'yan rakiyar baƙi ana biyansu. Mutum ya ga dabbar nan tana ci masa wake, amma ta dalilinta aka gina rijiyar garinsu. Cikin shekara ashirin da 'yan kai suka haura 600. A 2018 har aka ɗebi takwas aka kawo gandun Gadabeji a nan jiharmu ta Maraɗi, wajen Dakoro, inda suka daɗe da ɓacewa.

Amma kar in ba ku zuma in ɓoye harbin. A watan Agusta na 2020 'yan bindiga suka kashe mutum takwas a Kure, Faransawa shida da 'yan Nijar biyu, har da shugaban 'yan rakiyar. Daga nan baƙi suka ɗauke ƙafa, abincin samarin nan ya tsaya. Gandun W ma, wanda muka haɗa da Benin da Burkina Faso, rashin tsaro ya hana shiga yawancinsa. Maganar Na Birnin Gwari ke nan.

Ɗan Bakin Daji:
Na gode ɗan'uwa. Amma raƙumin dawa ba ya taka mutum. Giwa tana kisa. Kuma ka faɗi maganar da nake nema: su sun ga rijiya. Mu me muka gani?

Almajirin Zaure:
Bismillah. Ina so in gyara wani abu da ake yawan faɗa, cewa killace daji al'adar Turawa ce. A'a. A fiƙihu akwai babin hima, wato hurumi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe wurin da ake kira Naƙi'u saboda dawakin Musulmi. Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza. Makka da Madina kuwa an hana sare itatuwansu da korar namun dajinsu. A Suratul An'am, aya ta 38, Allah ya ce dabbobin da ke tafiya a ƙasa da tsuntsaye al'ummomi ne kamarmu. Don haka shugaba yana da ikon keɓe daji don maslaha.

Sai dai sharaɗin shi ne maslahar ta zama ta jama'a, ba a ƙuntata wa talaka ba. A wasiyyar da Sayyidina Umar ya yi wa mai gadin hurumin, ya ce a bar mai 'yan raƙuma kaɗan da mai 'yan tumaki kaɗan su shiga, a hana garken masu dukiya, don mai dukiya in dabbobinsa sun halaka yana da gonakin da zai koma, talaka kuwa wurin shugaba zai zo da 'ya'yansa yana kuka. A fahimtata, wanda ya killace giwa don amfanin ƙasa, ya kamata ƙasa ta ɗauki asarar da ta yi, ba tsoho ɗaya mai bashin taki ba. Wallahu a'alam.

Jikan Arɗo:
Allah ya gafarta Malam, wannan wasiyyar a rubuta ta a ƙofar kowane gandu. Don yawancin manyan garken da ake kamawa ba na mai korar ba ne, na manya ne da ke zaune a birni.

Jikan Sarkin Baka:
Mu ma maharba a ji namu. Kakana ya yi farauta shekara arba'in da baka da kibiya, daga baya da harba-ka-ruga. Yana da ƙa'ida: ba a farauta da damina lokacin da dabbobi ke da ciki, ba a harbin mai shayarwa, kuma ba ka fita sai da izinin Sarkin Baka. Yanzu fa? Yaro ya sayi wayar birkin babur ya ɗana tarko ɗari a hanyar ruwa, ya manta rabinsu. Duk abin da ya bi ya kama, gwanki, kanki, mazo, har ƙafar ɗan giwa. Ya ruɓe a banza. Wannan ba farauta ba ce. Shawarata, a riƙa ɗaukar 'ya'yan maharba aikin gadin daji. Mu muka san sawu, muka san mashaya, muka san wanda ya shiga jiya.

Tsohon Ma'aikacin Daji:
Ana yin haka, kuma mafi ƙwarewar waɗanda na yi aiki da su tsofaffin maharba ne. Amma a san aikin nan ana mutuwa a cikinsa. Mutum ya yi kwana bakwai a daji da tsohuwar bindiga da garin kwaki, ya yi arba da masu bindigar zamani. Tun da ƙungiyar kare namun daji ta WCS ta shiga yarjejeniya da gwamnatin Bauchi a 2014 aka gyara tsarin sintiri, ana biyan alawus na kwanan daji, an sa wa wasu giwaye abin wuya mai nuna inda suke ta tauraron ɗan Adam. Sun ba da rahoton cewa daga watan Mayu na 2015 an yi shekaru ba a samu gawar giwar da aka kashe don haure ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya san yadda ake tsintar gawarwaki kafin nan.

Uwar Biyu:
Ni dai abin da na sani a Yankari shi ne maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ta Wikki. Mun je da yara hutun ƙarshen shekara, ruwan nan garai-garai kana ganin yashin ƙasa, ga ɗumi kamar an dafa. Amma gwaggon biri ya shigo har ɗaki ya ɗauke mana burodi da leda guda ta lemo, ya hau rufi yana ɓarewa yana kallonmu. Ƙaramin ya yi kuka har ya gaji.

Malamar Kimiyya:
Hajiya ai ɗumin nan ba ya canzawa, digiri 31 ne dare da rana, rani da hunturu. Kun je kogunan dutse na Marshall da rijiyoyin Dukkey? Akwai kuma wuraren da magabata suka narka ƙarfe. Mutane sun zauna a dajin nan tun kafin a san za a yi gandu.

Bakano Mai Shago:
Birin nan ɗan Kano ne, ya san kaya.

Shugaban Zaure:
Jama'a a dawo kan magana. Bawan Allah ya yi asara, yana neman mafita, kun koma labarin burodi.

Tsohon Ma'aikacin Daji:
Gaskiyarka shugaba. Ɗana, ga abin da na san yana aiki, ba wanda yake aiki ɗari bisa ɗari. Giwa ta tsani barkono. Ana kwaɓa dakakken barkono da kashin shanu ko nata, a busar kamar tubali, a kunna da dare ta inda iska za ta kai musu hayaƙin. Ana kuma shafa barkono da baƙin mai a tsumma a rataya a igiya kewaye da gona, sai dai ruwan sama yana wankewa, dole a riƙa sabuntawa. Tana tsoron ƙudan zuma, don yana shiga mata hanci da gefen ido. A Kenya aka fara gwada jera amya a bakin gona a haɗa su da waya, in ta taɓa wayar amyar ta girgiza. Ga kariya ga zuma ta sayarwa. Sannan gonakin da ke layin farko, a daina sa musu masara. A sa riɗi ko barkono, ba ta damu da su ba, kuma riɗi yana kuɗi a Bauchi. Na ƙarshe, gadi na haɗin gwiwa. Yara biyu da garwa ba za su kori garke ba. Akwai samarin da ake ɗauka a wasu ƙauyukan kewaye masu lura da motsin giwaye, su sanar da gari da ma'aikata kafin su iso. Ku bincika ko garinku yana ciki, in babu ku nema ta hannun mai gari.

Ɗan Bakin Daji:
Baba duk na ji. Amma ka lura duk abin da ka lissafa, mu ne za mu saya, mu ne za mu yi gadin, mu ne za mu canza abin da muke nomawa. Riɗi ba a tuwo da shi. Hajiya ta zo daga birni ta biya kuɗin shiga ta yi wanka a Wikki ta koma, Allah ya sa ta ji daɗi, ban yi mata baƙin ciki ba. Kuɗin nan ina yake zuwa? Ni an haife ni ina hango dajin nan, ban taɓa shiga ta ƙofa ba sai da makaranta ta kai mu sau ɗaya. Ga man Kolmani da aka zo aka ƙaddamar a 2022 a wannan ƙaramar hukuma tamu ta Alkaleri, ga Yankari, duk a ƙasarmu, amma tsoho yana tunanin wace akuya zai sayar.

Tsohon Ma'aikacin Daji:
A nan ba ni da abin da zan kare. Shekarun da na yi ina aiki, abin da ya fi ba mu wahala ba maharbi ba ne, ƙauyen da ya daina gaya mana gaskiya ne. Mai neman haure baƙo ne, ba ya shiga sai wani ya ba shi masauki ya nuna masa hanya. Mutumin da giwa ta cinye wa gona sau uku ba a ba shi ko kwano ɗaya ba, in ya ga baƙon nan, kana tsammanin zai zo ya faɗa? A ware wani kaso na kuɗin ƙofa a rubuce, a san na ƙauyukan kewaye ne. A kafa kwamiti da mai gari da malamin gona da ma'aikacin daji, su auna ɓarna cikin kwana uku tun sawu bai bushe ba, a biya ko rabi ne, da hatsi ba sai da kuɗi ba. Ya fi arha a kan sayen bindigogi.

Bakano Mai Shago:
A Najeriya? Ranar da aka ce ana biyan diyyar giwa, har mu 'yan Kantin Kwari sai mun kawo takardar cewa ta ci mana gona.

Ɗan Maraɗi:
Shi ya sa aka ce da mai gari a ciki, Alhaji. Sawun giwa ba a ƙirƙira shi da fartanya.

Almajirin Zaure:
Kafin gwamnati ta farka, mu nan mun kai mutum nawa a zauren? Shugaba, in ka amince a buɗe karo-karo, ko buhu biyu ne a kai wa dattijon nan. Ni zan fara.

Bakano Mai Shago:
Ku sa ni buhu ɗaya na masara. Amma a rubuta cewa ban janye maganata ba.

Shugaban Zaure:
An amince. Mai niyya ya same ni ta gefe, kar a sa lambar asusu a nan.

Ɗan Bakin Daji:
Jama'a na rasa bakin godiya, Allah ya saka. Na karanta wa tsoho wasu daga cikin maganganunku bayan la'asar. Da na zo kan maganar Baba ta hanyar giwaye, sai ya ce ai gaskiya ne, gonar tamu kakansa yana kiran wurin da mararrabar giwa, kuma a zamaninsu ba a noma nan, sai da gonakin gida suka yi kaɗan. Da na ce masa riɗi, ya yi dariya ya ce ya ji, amma in tambayi mai shawarar ko shi zai zo ya gaya wa iyayenmu mata. Ya ce yanzu dai a watsa wake a wurin ko a samu harawa.

Baba, amyar nan ta gargajiya da ake saƙawa za ta yi, ko sai ta katako? Kuma tazarar taku nawa ake bari tsakaninsu? Ka rubuto zan gani da safe. Yanzu za mu fita, yau a gonar maƙwabcinmu za a kwana, tasa dawar tana nan ba su taɓa ba, kuma masu dawowa daga rafi sun ce sun ga sabon sawu.